Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne: Kalmomin Ingilishi Masu Haruffa Iri Ɗaya

  A wannan wata za mu duba wasu kalmomin Ingilishi waɗanda suka yi tarayya a haruffa, ko dai a tsakaninsu, ko da kalmomin Faransanci da 'ya'yanmu ke koya a lakwal, ko kuwa da namu na Hausa. Za mu ga inda wannan kama take taimakon mutum, da kuma inda take jefa shi rami.

Ba sai mun je nesa neman misali ba, domin sunan garinmu ma ya isa. Bahaushen da ya fara jin "Malanville" zai ɗauka garin wani malami ne, tun da yake mun saba cewa Malan Wane. To ba haka ba ne. An samo sunan daga Henri Malan, wani gwamnan Faransa da ya riƙe Dahomey a farkon ƙarni na 20, kuma kafin nan Tassi ake kiran wurin, wato rairayi da harshen Dandawa da Zabarmawa. Haruffa biyar na farko sun yi daidai da na malaminmu, amma babu abin da ya haɗa su. Haruffa biyar na ƙarshe kuwa, wato "ville", ma'anarsu gari, kuma duk inda aka gan su a wutsiyar suna ma'anar ke nan, ko a Brazzaville ta Kwango, ko a Libreville ta Gabon, ko a Nashville ta can Amurka. Ashe ke nan a cikin suna ɗaya mun sami darasin duka biyu: akwai haruffan da ke riƙe da ma'anarsu duk inda suka shiga, akwai kuma waɗanda kamar ce kawai.

ME YA HAƊA MU DA INGILISHI?

Wani zai ce, mu da muke Jamhuriyar Benin, inda takardar gwamnati da ta lakwal duk Faransanci ce, ina ruwanmu da Ingilishi? Amsar tana kasuwa. Daga nan, in ka tsallaka Kwara ka isa Gaya, Kamba ta Jihar Kebbi ba ta da nisa, haka nan in ka bi ta Madekali za ka faɗa Lolo. Kwalin magani, da buhun taki, da kwalbar maganin ƙwari, da kayan gyaran babur, da 'yar takardar da ke zuwa tare da injin ban ruwa, da yawansu rubutun da ke jikinsu Ingilishi ne, ko daga Legas da Kano suka fito, ko daga Indiya da Sin. Wanda ya sayo su ya kawo kasuwar Malanville shi ake tambaya yadda ake amfani da su, kuma shi ake kamawa da laifi in abu ya ɓaci.

Bugu da ƙari, duniyar da ke kewaye da mu tana juyawa. A shekarar 2022 Togo da Gabon, waɗanda Faransa ta mulka kamar mu, suka shiga ƙungiyar Kwamanwel ta ƙasashe renon Ingila. A 2025 kuma Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Yaron da ya tashi a bakin wannan kogi da Hausa a gida, da Faransanci a lakwal, in ya ƙara da Ingilishi, to ya riƙe mabuɗin ƙasashe uku. Sai dai yawancin yaranmu ba sa haɗuwa da Ingilishi sosai sai sun shiga koleji, kuma da yawa suna shiga da tsoro, suna ganin baƙon abu ne ɗungurungum. Abin da muke so mu nuna shi ne ba baƙo ba ne, ɗan'uwan Faransanci ne, amma irin ɗan'uwan da sai an yi hattara da shi wajen lissafi.

INDA KAMAR TA SAMO ASALI

A shekarar 1066 Wiliyam, mai mulkin yankin Normandi a arewacin Faransa, ya tsallaka teku ya ci Ingila da yaƙi a wani wuri da ake kira Hastings. Daga nan aka shafe kusan shekara 300 sarakunan Ingila da alƙalansu da manyan attajiransu suna magana da Faransanci, talakawa kuwa suna nasu harshen. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Ingilishi a kotunan ƙasar. Kafin lokacin, dubban kalmomin Faransanci sun riga sun zauna daram a bakin Turawan Ingila, musamman na mulki da shari'a da ciniki. Wani ƙidaya da masana biyu, Thomas Finkenstaedt da Dieter Wolff, suka buga a 1973, bayan sun bi kalmomi kimanin 80,000 na wani ƙamusun Oxford, ya nuna kashi 28 cikin ɗari daga Faransanci suka fito, wasu kashi 28 kuma daga Latin, wadda ita ce uwar Faransanci.

Wannan ba baƙon al'amari ba ne gare mu, domin haka Hausa ta yi da Larabci. Mai jin Hausa in ya zauna gaban malami ya ji "kitab" da "hukum" da "sabab", ba a daɗe ba zai gane littafi da hukunci da sababi. To haka ɗan lakwal yake da Ingilishi: rabin guzurinsa yana aljihunsa, bai dai sani ba.

DANGI NA GASKIYA

Bari mu fara da haruffan da ke riƙon amana. Na farko su ne haruffa huɗun nan "port". Asalinsu kalmar Latin ce mai nufin ɗauka ko dako, kuma in mutum ya riƙe wannan zai buɗe kalmomi da dama a lokaci ɗaya. "Import" shigo da kaya ne, domin "im" ciki ke nan. "Export" fitar da kaya ne, domin "ex" waje ke nan. "Transport" sufuri ne, wato ɗaukar kaya a tsallaka da su daga wuri zuwa wuri, aikin da manyan motocinmu ke yi a kan hanyar nan ta fiye da kilomita 700 daga Kotonu. "Porter" ɗan dako ne. "Portable" duk abin da za a iya ɗauka a hannu, shi ya sa masu Faransanci suka laƙaba wa wayar salula wannan suna, amma mai Ingilishi zai iya kiran rediyo ko janareta da shi. "Deport" kuwa ɗauke mutum a fitar da shi daga ƙasa, kalmar da dattawanmu da suka zauna Gana a 1969, ko Nijeriya a 1983, ba sa bukatar a fassara musu. Ita kuma "port" in ta tsaya ita kaɗai, tashar jiragen ruwa ce irin ta Kotonu, a harsunan biyu.

Na biyu, "custom". Ita kanta ma'anarta al'ada, abin da aka saba. In aka ƙara mata "s" ta zama "customs", wato kuɗin da aka saba biya a kan kaya, da kuma ma'aikatan da ke karɓarsa. Daga nan 'yan'uwanmu na Nijeriya suka sami kwastan, alhali mu muna cewa duwan. In aka ƙara mata "er" ta zama "customer", wanda ya saba saye a wurinka, shi ne kwastoma. Tushe ɗaya, rassa uku, kuma duk sabo ne ya haɗa su.

Na uku, "cide" a ƙarshen kalma, ma'anarta kisa. Wannan ya kamata kowane manomin albasa da shinkafa ya haddace shi, sannan ya dubi abin da ke gabanta, domin shi ne abin da za a kashe. "Insecticide" na kashe ƙwari ne. "Herbicide" na kashe ciyawa ne. "Fungicide" na kashe fumfuna ne. "Pesticide" kuwa suna ne da ya tattara su duka. Rubutun kusan ɗaya ne a Ingilishi da Faransanci. Kwalaben suna kama, wutsiyar sunan ma ɗaya ce, amma wanda ya fesa na ciyawa a fagen albasa yana zaton na ƙwari ne, zai iya rasa wahalar wata uku a wuni ɗaya.

Na huɗu, "ex" ɗin nan da muka ce waje take nufi. "Exit" ƙofar fita. "Expire" ƙarewar wa'adi, kuma ita ce ake taƙaitawa a rubuta EXP a jikin kwalin magani da gwangwanin madara, sai kwanan wata ya biyo baya. Kada a rikita shi da MFG ko MFD, wanda ke nuna ranar da aka yi kayan. "External" abin da ke waje, don haka duk kwalbar da aka rubuta wa "for external use only", ta shafawa ce a jiki, ba a sha, ba a ɗiga wa yaro a baki.

Sai kuma wasu ƙa'idoji na sauya wutsiya, waɗanda in ɗan koleji ya riƙe su zai ga ɗaruruwan kalmomi sun faɗo masa a hannu. Kalmar Faransanci da ta ƙare da "té" yawanci takan koma "ty": "qualité" ta zama "quality", "quantité" ta zama "quantity", "sécurité" ta zama "security". Mai ƙarewa da "eur" takan koma "or": "docteur" da "doctor", "directeur" da "director". Mai "aire" takan koma "ary": "salaire" da "salary", wato albashi. Masu ƙarewa da "tion" kuwa yawanci ba a taɓa rubutunsu, lafazi kawai ke sauyawa, mai Faransanci ya ce "siyon", mai Ingilishi ya ce "shan". Wannan "shan" ɗin ne ya bar sawunsa a kalmarmu ta tasha, wadda aka aro daga "station".

Akwai wata ƙa'ida da yara ke jin daɗinta ƙwarai. 'Yar hular nan da ake ɗora wa wasali a Faransanci, sau da yawa alama ce ta cewa a da akwai harafin "s" a wurin, Faransawa suka yar da shi, Turawan Ingila kuwa suka riƙe. Cire hular ka mayar da "s", sai Ingilishi ya fito: "hôpital" ta zama "hospital", inda muka sami asibiti, "forêt" ta zama "forest", wato daji, "intérêt" ta zama "interest", "coût" ta zama "cost", wato abin da kaya suka ci, "côte" ta zama "coast", wato gaɓar teku. Haka nan wasu kalmomi masu farawa da "é": "école" da "school", "étudiant" da "student", "épice" da "spice", "étranger" da "stranger". Duk waɗannan dangi ne na jini.

ABOKAN ƘARYA

To amma Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Akwai kalmomin da suka fito daga gida ɗaya, ko suka yi kama bisa katari, amma kowace ta kama hanyarta. Malaman lakwal suna kiran su "faux amis", wato abokan ƙarya, sunan da ya bazu daga wani littafi da Maxime Koessler da Jules Derocquigny suka buga a 1928. Ga waɗanda suka fi shafar mai ciniki.

"Délai" a Faransanci wa'adi ne, lokacin da aka ba ka ka cika alkawari. "Delay" a Ingilishi jinkiri ne, wato ka riga ka makara. Ɗan kasuwan da ya sa ɗansa ya rubuta wa abokin cinikinsa na Legas cewa kaya za su iso da "delay" na kwana goma, yana nufin cikin kwana goma, to abin da wancan zai fahimta shi ne an ƙara masa kwana goma a kan abin da aka shirya.

"Demander" a Faransanci roƙo ne ko tambaya, cikin ladabi. "Demand" a Ingilishi nema ne da ƙarfi, irin na mai bin bashi. In kana neman alfarma a wurin wanda ya girme ka, ka ce "ask" ko "request". Haka "commande" odar kaya ce a wurinmu, amma "command" umarni ne irin na soja. Kalmar da ake so ita ce "order", wadda daga ita muka sami oda.

"Location" da muke gani a jikin shagunan masu ba da hayar kujeru da rumfuna, haya take nufi. A Ingilishi kuwa wuri take nufi, inda abu yake. Haya ita ce "rent" ko "hire". "Facture" takardar kuɗin kaya ce, ita ce "invoice" ko "bill" a Ingilishi, ma'anarta daban ce da ta "factory", wato masana'anta. "Monnaie" yawanci canji muke nufi da ita, amma "money" kuɗi ne baki ɗaya. "Caution" a wurinmu kuɗin ajiya ne da ake ba mai gida ko duwan, a Ingilishi kuwa in ka gan ta a bayan tanka ko a bakin hanya, cewa ake yi ka yi hattara, ko da yake masu gidajen haya a Nijeriya sukan ce "caution fee" da ma'ana irin tamu.

Har cikin dangin "port" da muka yaba akwai maci amana guda. "Report" a Ingilishi rahoto ne, daga ita ma muka aro kalmar. A Faransanci kuwa "report" ɗage abu ne zuwa wani lokaci, rahoto shi ne "rapport". Haka "lecture" karatu ne a lakwal, amma a Ingilishi lacca ce. "Librairie" kantin sayar da littattafai ne, "library" kuwa ɗakin karatu ne inda ake aro. "Attendre" jira ne, "attend" halarta ce. "Magasin" shi ne mangazarmu ta ajiyar kaya, "magazine" kuwa mujalla ce, kuma abin sha'awa duka biyun daga kalmar Larabci "makhazin" suka fito, wato rumbuna: ɗaya rumbun kaya, ɗaya rumbun labari.

Akwai kuma waɗanda rubutunsu ɗaya ne harafi da harafi, alhali ma'anarsu ta sha bamban. "Sale" a Faransanci mai dauɗa, a Ingilishi sayarwa, a wurinmu kuma sunan mutum ne. Saboda haka motar da aka manna wa "for sale" ta sayarwa ce, ba wanki take nema ba. "Coin" lungu ne ko kusurwa a Faransanci, a Ingilishi kuɗin ƙarfe. "Four" tanda ce ta gasa burodi, a Ingilishi huɗu. "Chair" tsoka ce, a Ingilishi kujera. "Pain" burodi ne, a Ingilishi ciwo, shi ya sa ake ganinta a jikin kwalin maganin ciwon jiki.

Guda biyu sun fi sauran haɗari, domin rai suke taɓawa. Na farko "pétrole" da "petrol". A shagunanmu in an ce "pétrole", kananzir ake nufi, na fitila da risho. A Nijeriya in an ce "petrol", fetur ake nufi, wanda mu muke kira "essence". Kananzir a Ingilishi "kerosene" ne. A garin da ake sayar da mai a kwalabe da jarkoki a bakin hanya, yaron da aka aika ya sayo ɗaya ya kawo ɗayan, gobara ya ɗauko. A nan kuma mu lura da "inflammable". Wanda ya koyi cewa "in" a farkon kalmar Ingilishi korewa take yi, kamar "correct" da "incorrect", zai iya zaton abin ba ya kama wuta. Alhali "flammable" da "inflammable" duk abu ɗaya suke nufi, wato mai saurin kamawa. A nan Faransancin ɗan lakwal ne zai cece shi, domin ma'anar ɗaya ce a can.

Na biyu "drogue" da "drug". A Faransanci ƙwaya ce mai sa maye. A Ingilishi tana ɗaukar wannan ma'ana, tana kuma nufin magani na asibiti. Shi ya sa kalmar take cikin sunan hukumomin Nijeriya guda biyu masu aiki daban: NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna, da NDLEA, wadda aka kafa a 1989 don yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Matafiyin da aka tsayar a shinge aka tambaye shi ko yana ɗauke da "drugs", ya kamata ya san wace ake nufi kafin ya buɗe baki.

LAMBOBI MA SUNA DA NASU

Ba haruffa kaɗai ke yaudara ba. "Billion" a Ingilishi miliyan dubu ce, wadda 'yan Nijeriya ke kira biliyan, mu kuma muke kira miliyar. Amma "billion" a Faransanci miliyan miliyan ce, wato ta ninka waccan sau dubu. Gwamnatin Ingila ma da can irin lissafin Faransa take bi, sai a 1974 ta koma na Amurka.

Sai waƙafi da ɗigo. Tun daga 1999 aka ɗaure kuɗinmu na sefa da yuro a kan farashi ɗaya, wanda bankunanmu ke rubutawa 655,957. Mu mun san sefa 655 ne da 'yan kai. Amma mai karatun Ingilishi in ya ga wannan waƙafi zai karanta dubu 655 da 957, domin a wurinsu waƙafi dubbai yake rabawa, ɗigo kuma shi ke raba 'yan kai, sai su rubuta 655.957. Don haka in takarda ta fito daga Nijeriya an rubuta 1,500, dubu ɗaya da ɗari biyar ke nan, ba ɗaya da rabi ba.

Kuma kada mu ɗora wa Turawa laifin duka, domin mu ma muna da irinta. Jaka a wannan gefen sefa 1,000 ce, wato dala 200. A Nijeriya kuwa jaka naira 200 ce, domin asalinta fam 100 ne, kuma da aka fito da naira a 1973 kowane fam ɗaya ya zama naira biyu. Kalma ɗaya, harshe ɗaya, amma dillalin da bai tambaya jakar wace ƙasa ake nufi ba, zai ji a aljihunsa.

MASU KAMA DA HAUSA

Daga ƙarshe ga wasu kalmomin Ingilishi da in Bahaushe ya gan su a rubuce zai rantse nasa ne. "Wake" ba na dafawa da shinkafa ba ne, farkawa ce daga barci. "Rake" ba ta sha ba ce, manjagara ce. "Fate" ba na tsaki da yakuwa ba ne, ƙaddara ce. "Take" ɗauka ce. "Same" iri ɗaya. "Mace" kuwa ba matar kowa ba ce, sandar majalisa ce. Dukkansu ƙa'ida ɗaya ta haɗa su: "e" ta ƙarshe ba a furta ta, aikinta kawai ta ja wasalin da ke tsakiya. Sai a ce "wek", "rek", "fet", "tek", "sem", "mes", ana ɗan jan wasalin. Wanda ya riƙe wannan ya huta da dariyar 'yan aji.

A cikin Ingilishin kansa ma akwai irin wannan tarko. Dubi haruffan "eight", wato takwas. Suna cikin "weight", nauyi, da "freight", kayan da aka yi lodi ko kuɗin dakonsu, da "height", tsayi. Babu ruwan ko ɗaya da takwas, kuma ta ƙarshen ma lafazinta daban ne, "hait" ake cewa. Haka "rice", shinkafa, tana kwance cikin "price", farashi, ita kuma harafi ɗaya ne ya raba ta da "prize", kyautar da ake ba wanda ya ci gasa.

Wannan bai kamata ya ba mu tsoro ba, domin mun saba da shi tun muna goye. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya ne. Haka kuka ta miya da kuka na hawaye, da wuya ta jiki da wuya ta sha. Ba mu taɓa rikita su ba, saboda muna sauraren abin da ke gaba da abin da ke baya. Dabarar ke nan a kowane harshe.

SHAWARARMU

Ga yara 'yan koleji, ku tanadi ɗan littafi ku raba kowane shafi gida biyu, dangi a dama, abokan ƙarya a hagu. Duk kalmar Ingilishi da ta yi kama da wadda kuka sani, ku fara yi mata kyakkyawan zato, domin dangin sun fi yawa nesa ba kusa ba, amma kada ku rubuta ta a dama sai kun duba ƙamus ko kun tambayi mushe.

Ga iyaye da alhazan kasuwa, in yaro ya karanta muku takardar ciniki ta Ingilishi, ku tambaye shi ko ya san kalmar ne, ko kuwa kama ta yi masa da ta Faransanci. Ba raini ba ne, matambayi ba ya ɓata. A wurare huɗu kuwa kada a yarda da kama ko kaɗan: wa'adi, da adadin kuɗi, da magani, da mai. Waɗannan a kai wa wanda ya yi karatun sosai ya tabbatar kafin a sa hannu ko a buɗe kwalba.

Ga aikin wannan wata. A nemo mana ma'anar waɗannan kalmomi biyar a Ingilishi, da ma'anar takwarorinsu a Faransanci, a faɗa mana wanne ne dangi, wanne ne abokin ƙarya: "journey", "dangerous", "rest", "master", "actually". A aiko da amsa ofishin wannan jarida da Hausa, za mu kawo bayaninsu a fitowa ta gaba.

Allah ya ƙara mana sani mai amfani, ya sa albarka a kasuwa da karatun yara. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu huta lafiya.